Baffa ya rasu saura kwana tara a koma makaranta

Ga Allah muke, gare Shi kuma Baffa ya riga mu komawa, ranar wata Juma'a da hantsi, a gadon asibiti, saura kwana tara a buɗe makarantu. An yi masa salla a Harami bayan la'asar.

Mu mata ba mu je maƙabarta ba, labari muka ji. An ce da aka sallame sallar jana'iza, yara shida ne suka riga kowa kama makarar, yaran da yake koya wa gudu a makaranta, ɗana yana gaba ta hannun dama. A nan Makka dama da sauri ake fita da gawa, amma su sun wuce misali, har dattawa suka kasa cim musu. Wani tsohon abokin Baffa ya dawo yana haki, yana cewa yaran da ko sau ɗaya ba su leƙa shi a asibiti ba, yau su ne da zaƙewa.

Kwana uku aka jera kujeru a layin gidansa da ke Zahir, maza a waje, mu a falon sama. A rana ta biyu wata mata da ban sani ba ta zauna kusa da ni, ta yi addu'arta, sannan ta rage murya ta ce Allah dai ya jiƙansa, amma ta ji an ce mutum ne mai taurin zuciya, ko jikansa ma ya hana shi zuwa duba shi har ya cika. Ba ta san ni ce uwar jikan ba. Na ƙara mata gahawa, na ce amin.

Tun ranar maganar take cina. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don idan za a tuna Baffa, a tuna shi yadda yake.

Ƙanin mahaifina ne, autansu. A unguwar Mansur aka haife shi, a gidan da kakanmu ya kama bayan ya iso da ƙafa daga Kano. Ya kusa shekara talatin yana malamin motsa jiki a wata makarantar sakandare, kuma shi ke horar da masu gudun nesa, waɗanda ake sakin su su yi ta zagaye fili har mai kallo ya gaji. Siriri ne, dogo, da usur a wuya ko a gidan biki. Ba ya tafiya a hankali. Idan kuka fita tare, sai ka riƙa hango ƙeyarsa.

Ba shi da yawan magana, amma 'yan kalmomin da yake da su kowa ya haddace su. Yaro ya zo wucewa, sai ya ce: sauke kafaɗarka. Ya ga mutum zai fita da rana, sai ya ce ya sha ruwa tun bai ji ƙishirwa ba. Har limamin unguwa ya taɓa gaya wa haka. Ba ya yabon yaro a gabansa. Idan yaro ya yi abin kirki a fili, iyakarta ya duba agogonsa ya ce "ba laifi", kuma yaran sun san wannan ba laifin ta fi musu kofi.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya. Duk gidan da ya shiga, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya juya takalman da aka cire, ya duba ƙasansu. Ya ce takalmi ba ya ɓoye yadda mutum yake taka ƙasa. Ni ya taɓa ce mini in je a duba mini ƙugu, wai dunduniyar takalmina ta dama ta fi cinyewa. Na je, haka ne.

Lokacin da maigidana ya rasu, ɗana yana shekara shida. Takardun gida da na makaranta suka taru a kaina, ni kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba. Na kai wa Baffa sau biyu ya karanta mini. A na uku bai karɓa ba. Ya ce in ɗauko abayata. Ya kai ni makarantar manya ta mata, ya sa aka rubuta sunana, kuma shekara biyu cur yana kai ni yana ɗauko ni, sau uku a mako. Yakan zauna a mota da yaron har a tashe mu. A wannan jiran ne ya fara sa shi gudu daga wannan fitila zuwa waccan, yana duba agogo.

Tsakaninsu wasan jika da kaka ne, ba sa gajiya. Yaron yana kiransa Tsoho, shi yana kiransa Malalaci. Idan muka je Zahir, tun daga matakala ɗana zai fara cewa ina Tsoho, ya fito ya ba shi matarsa, ya gaji da jira. Baffa ya ce ranar da ya riga shi kaiwa bakin titi, ya zo ya ɗauke ta har da tukwanenta. Inna, matar Baffa, ta ce ita duk cikinsu ba mai kuɗin riƙe ta. Da yaron ya shiga sakandare ya faɗa hannunsa, sai Baffa ya zama Ustaz a makaranta, Tsoho a gida, kuma bai taɓa haɗa su ba.

A ƙarshen shekarar yaron ta farko a sakandare wata doka ta zo. An ce wani yaro a wata makaranta ya faɗi a fili cikin hutun zafi, malaminsa yana sa su gudu da rana, bai tashi ba. Sai ofishin da ke kula da wasannin makarantu ya aiko da takarda. Daga ranar da aka rufe makaranta zuwa ranar da aka buɗe, malamin gudu ba zai horar da yaransa ba, ba zai tara su ba, ba zai kira su ko ya aika musu saƙo ba. Wanda ya saɓa, a dakatar da shi, yaron kuma a cire shi daga gasar shekara. Baffa bai soki dokar ba. Ya ce ya san malaman da ke kashe yara don kofi, gara a ɗaure musu hannu. Ba mu ɗauka ta shafe mu ba, mu da muke gida ɗaya.

Mako biyu da fara hutun aka yi suna a Mansur. Baffa ya zauna cin shinkafa, yaransa uku suka zo suka sa hannu a farantinsa, ɗana a ciki. Wani ya ɗauki hoto da waya. Har yau ba mu san wanda ya kai ba. Aka kira Baffa ofis, ya ce musu suna ne, ɗaya ma jikansa ne. Suka ce sun ji, amma hoto ya riga ya shiga fayil. Suka ba shi ta'ahudi, takardar alkawarin ba zai sake ba, suka ce idan aka kuma, yaran ne za su fara biya. Inna ta ce da ya dawo bai ci abinci ba. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Na sa hannu."

Sai wanda ya tashi a gidajenmu zai gane nauyin wannan. Kakanmu ya yi shekaru yana jeka-ka-dawo kafin takardunsa su daidaita, kuma abin da ya bar wa 'ya'yansa shi ne kada sunansu ya shiga fayil, kada kuma su je ofis roƙon alfarma. Baffa bai taɓa neman ko hutun kwana ɗaya ba. Yanzu ga sunansa a fayil, da tsufansa, da sunan jikansa a ƙarƙashi.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidana. Ya daina sallar Juma'a a masallacin Mansur da ya saba tun yana yaro, don yaransa a nan suke yi. Ya goge lambobinsu daga wayarsa.

Babbar Salla ta faɗo cikin hutun. Muka shirya zuwa Zahir gaisuwa kamar kullum, sai Inna ta kira ni da safe, tana ta kame-kame, ta ce Baffa ya ce in zo ni kaɗai. Na je ni kaɗai ɗin, amma ban zauna ba. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kuma ban taɓa mayar wa Baffa magana ba sai ranar. Na ce masa maraya ne, ba shi da wani uba sai shi, yau Salla, yana gida da sabuwar riga yana jiran a ce ya taho. Na ce wace doka ce za ta shiga tsakanin mutum da jininsa?

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "'Yata, a takardar ba su rubuta jini ba. Ɗalibi suka rubuta."

Na ce to ya je ya gaya musu su rubuta.

Ya ce, "Ki bar ni in fitar da shi lafiya. Shekara biyu ce. Yaron nan yana da abin da ban taɓa gani a ƙafar kowa ba, kar ki gaya masa. Idan ya yi gasar shekarar ƙarshe, masu ɗaukar 'yan gudu za su gan shi. Ba zan zama ni na toshe masa ba saboda farantin shinkafa."

Na fita ban ci naman Sallarsa ba. Wata guda ban kira shi ba. Shi ya fara kira, kuma bai tayar da maganar ba, ya tambaye ni ko na'urar sanyaya ɗakinmu tana aiki.

Da aka koma makaranta komai ya dawo daidai, har na manta. Ranar farko ɗana ya dawo yana dariya, wai Tsoho ya dube shi sama da ƙasa ya ce Malalaci ya yi tumbi. Shekarar ya ci gudu uku. Baffa ya ce ba laifi.

Sai hutu na biyu, wanda daga shi sai shekarar ƙarshe. Ranar rufe makaranta Baffa ya tara su ya ce kowa ya huta, kada wanda ya yi gudu bayan rana ta fito, sai sun haɗu. Ɗana ya ce ya lura rigar Ustaz ta yi masa yawa, har ya tsokane shi ko Inna ta daina ba shi abinci. Wannan ce maganarsu ta ƙarshe.

Lokacin Hajji ɗana ya bi yaran unguwa Mina, suna tura tsofaffin alhazai a keke. Ya dawo ya yi baƙi, ya rame, tafin ƙafarsa duk ya yi ruwa, yana cewa ai wannan ma horo ne. Baffa yakan kira ni, amma tambayarsa ɗaya ce, yana cin abinci? Idan na fara cewa yana fita da asuba yana zagaye, sai ya katse ni ya ce wannan ba nasa ba ne sai an koma. A waya na fara jin muryarsa ta canja. Na tambayi Inna, ta ce ya hana ta faɗa.

Ciwon hanta ne, kuma an gano shi a makare. Da aka kwantar da shi, likita ya gaya wa Inna a kira 'yan'uwa. Kowa ya je. 'Yan Jidda sun zo, maƙwabta sun je, tsofaffin ɗalibansa masu gemu sun cika baranda. Yaransa shida na bana kaɗai ya ce kada a bari su hau. Ya sa Inna ta rantse, ni ma ya sa na rantse. Ya ce asibiti cike yake da waya, kuma ko ya mutu fayil ba ya mutuwa. Ya ce saura mako uku, zai kai.

Ni aka bar wa gaya wa ɗana. Da farko ya ɗauka wasa ne, ya ce Tsoho yana tsoron ya gan shi a kwance ya tafi da Inna. Da ya ga fuskata, ya daina. Ya ce zai je ya tsaya a bakin ƙofa kawai, ba zai yi magana ba. Na ce a'a. Ya ce zai sa takunkumi, ba mai gane shi. Na ce a'a. Ya ce shi ya fasa gasar, a cire shi, ba ya so. Na ce ba shi kaɗai ba ne, akwai sauran biyar, akwai kuma sunan Baffa.

Wata ranar Talata da yamma ya sa takalmi ya nufi ƙofa. Na riga shi, na tsaya a jikinta. Ya fi ni tsawo da kai guda, da ya so da hannu ɗaya zai kawar da ni. Ya ce, "Umma, ki matsa." Na ce idan ya fita ban yafe ba. Ban taɓa gaya wa ɗana wannan kalmar ba, kuma na san babu abin da zai iya yi da ita. Ya daɗe yana kallona. Ya cire takalman a nan inda yake, ya koma ɗaki.

Washegari da zan tafi asibiti na gan su a bakin ƙofa yadda ya bar su. Ban yi shawara da kowa ba, na sa su a leda. Na tarar da Baffa ya ƙara zubewa, idanunsa sun yi ɗorawa. Na ce na kawo masa baƙo, na ɗora ledar a kan gado. Ya gane su tun bai buɗe ba sosai. Ya ce wa Inna ta ja labule. Ya juya su, ya bi ƙasansu da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya koma na farko. Ya kai su kusa da fuskarsa. Ni dai na juya ina kallon bango.

Can ya ce, "Hagu yake dannewa. Keken Mina ne ya karkatar da shi. Ya rage tsawon taku, ya..." Sai ya tsaya. Ya mayar da su cikin ledar ya ƙulle bakinta. Ya ce, "Kar ki gaya masa. Ranar Lahadin da aka koma zan gaya masa da kaina."

Na ce Baffa, ko ta waya ce, ka ce masa Malalaci, ya ji.

Ya rufe ido ya ce saura kwana goma sha ɗaya.

Kwana biyu ya ƙara.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan magariba, shugaban makarantarsu ya nemi ya yi wa Inna gaisuwa. Ya tsaya a bayan ƙofar falo, ni ina riƙe da ita ta ciki. Mutumin kirki ne. Ya yabi Baffa, ya ce shekarun nan duka bai taɓa makara ba. Sannan ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, sai jiya ya ji cewa yaran ba su samu ganinsa ba. Ya ce subhanallahi, me ya sa ba a gaya masa ba? Layi biyu zai rubuta wa ofis, malami yana jinya, ɗalibansa za su duba shi, shi da kansa zai kawo su a motarsa. Ya ce ba ya jin akwai wanda zai hana.

Inna ta matse hannuna har ya yi zafi. Na ce mun gode, Allah ya ba da lada.

Ban sani ba ko da gaske ofis zai yarda. Mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma magana ce ta bayan mutuwa, wadda ba ta da wuyar faɗa. Abin da na sani shi ne ba mu tambaya ba. Baffa ba zai taɓa tambaya ba, haka aka gina shi. Amma ni fa? Shi ya kai ni na koyi rubutu don kada takarda ta sake tsare mini hanya. Lambar makarantar tana cikin wayata. Kusan mako biyu ina hawa ina sauka a asibitin nan, ban taɓa tunanin akwai wanda ake tambaya ba. Na tsaya a ƙofa na tare ɗana, ban je na ƙwanƙwasa ta shugaban makaranta ba.

Inna ta ce in bar maganar a tsakaninmu, yaron ya isa da abin da yake ɗauke da shi. Na yi kwana shida ina juya ta. Tun rasuwar ba ya ce mini komai sai ina kwana da sai da safe. Na san idan na yi shiru zai ci gaba da jin haushin doka, wata rana ya huce. Idan na faɗa, ni zai kalla.

Ranar Asabar, gobe a koma makaranta, na same shi a ɗaki bayan la'asar. Na zauna a bakin katifa na gaya masa duka. Na gaya masa na kai takalmansa, da abin da Baffa ya gani, da inda maganarsa ta tsaya. Na gaya masa abin da shugaban makaranta ya ce, ban rage ba.

Ya tambaye ni, bayan maganar tsawon taku, me kuma Baffa ya ce? Na ce shi ke nan. Ya ce bai ambaci sunansa ba? Na ce bai ambata ba, amma ya daɗe yana riƙe da su.

Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Umma, da kin bar ni na je ya kore ni da bakinsa. Da ko korar ce na ji."

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Ga wadda ta ce Baffa mai taurin zuciya ne, da duk wanda ya ji ya ɗauka, wannan shi ne abin da ya faru. Bai ƙi yaran nan ba. Ya ƙirga kwanaki ne don ya miƙa su shekararsu ta ƙarshe babu tabo, lissafin bai kai ba. Idan akwai laifi, a raba shi da ni.

An kawo sabon malami, matashi, an ce yana da kirki. Ya zo gida sau biyu. Makon jiya aka kafe sunayen waɗanda za su yi gasar bana, wani daga cikin yaran ya turo mini hoton takardar. Na karanta da kaina. Sunan ɗana ne na farko, babu wata alama a gabansa, yadda Baffa ya so. Ranar gudun sauran biyar suka biyo masa da sassafe, suka yi ta kira daga ƙasa. Yana ɗaki, ya ji su. Bai sauka ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, ya riƙe alkawarin da ya sa wa hannu har ya cika. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa, Ka yafe masa abin da ya tsananta a kansa da a kanmu. Ka ba Inna haƙuri. Yaron da ya bari kuma, Kai ka san abin da ke zuciyarsa, ni na daina tsaya masa a ƙofa.